Shuɗin Fenti a Gefen Firji

Sufeto bai ko kurɓi shayinsa ba ran Litinin da safe, nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa ta faɗo ofis tana haki. An sace firjin da ake ajiye alluran riga-kafin yara. Saje kuwa, sarkin gaggawa, har ya jefa dattijon da ke gadin asibitin a sel.

Sufeto ya ja tsaki, ya miƙe yana dafe da ƙugu. Ya gaji da wannan aiki, wallahi. In abu ya ɓace, mai ƙaramin ƙarfi ake fara damƙewa, kuma in ba a samo firjin ba, kotu za a kai dattijon.

A asibitin, bangon ɗakin magani ya sha sabon shuɗin fenti. Inda firjin yake, fentin ya goge, alamar an ja abu a jikinsa tun yana ɗanye. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau.

"Wa ya yi fentin nan?"

"Ma'aikatan kamfanin sabulu, ranka ya daɗe," in ji nas. "Duk Asabar suna fitowa aikin sa-kai da jajayen rigunansu. Firjin ma su suka ba mu."

"Alluran fa?"

Ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. "Nan na same su a jere. Zafi ya gama da su."

Ɓarawon da zai tsaya jera magani a kwali? Sufeto ya koma ofis, ya sa aka buɗe sel.

"Baba, wa ya shiga ɗakin ran Asabar?"

"Ban ga kowa ba, ɗana."

"To ƙofar da kanta ta buɗe?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Da la'asar wani ya dawo a mota, ya ce ya manta burushi. Rabin fuskarsa a rufe da takunkumi. Na miƙa masa makulli na tafi salla."

"Ba ka tambayi ko waye ba?"

"Haba ɗana! Jar riga ce a jikinsa. Mutanen da suka gyara mana rufi, da wane ido zan tuhume su?"

A kamfanin sabulu, manaja ya tarbe shi da fara'a da dogon surutu. Tun da ma'aikata suka fara aikin unguwa, in ji shi, ciniki ya buɗe, mata ba sa sayen sabulun kowa sai nasu, ma'aikata sun daina gudu, matasan layin ma su ke gadin motocin kamfani. "Alheri danƙo ne, Sufeto!"

Sufeto ya bar shi yana zuba, ya bi hotunan bango da kallo. Na ƙarshe na jiya Lahadi ne: wani asibiti a wata unguwa, ana tafi, ga firji an ɗaura masa ƙyalle. A gefen firjin, dogon layin shuɗin fenti.

"Wa ya shirya wannan taron?"

Aka kira jami'in hulɗa da jama'a, wani gaye mai ƙamshin turare.

"Ina ka samo firjin nan?"

"Sabo ne dal, yallaɓai, daga kanti."

"A kantin, da fentin jikinsa suke sayar da shi? Tashi mu je mu gwada shi da bangon."

Gayen ya zauna daɓas. "Aro na yi, na rantse. Oga ya ce kowane mako sai an ga hoton kyauta a jarida. Sabon firjin bai iso ba, ga shi an gayyato mutane. Na ce yau zan mayar. Ai namu ne ma."

"Ranar da kuka ɗau hoto da shi ya tashi daga naku," in ji Sufeto. "Ga mata can kan benci da jarirai, nas na sallamarsu."

Saje da ya rako Sufeto ya buga wa gayen ankwa, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

A ƙofar sel suka yi kiciɓis, shi yana shiga, tsohon yana fita da takalmansa a hannu. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo.

"Ɗana, in sun zo Asabar mai zuwa, in buɗe musu?"

Sufeto ya dubi shayinsa da ya huce.

"Buɗe musu, baba. Amma makullin ya zauna a aljihunka."