Ɗalhatu Mai Ingarma

Muhsinat tana kicin tana yanka albasa, ranar wata Juma'a da la'asar, sai ta ji mahaifinta ya tambayi baƙonsa sana'ar da yake yi. Ta ajiye wuƙar, ta kasa kunne. Filat ɗinsu na unguwar Al Muraqqabat, can ƙasar Larabawa, ba shi da girma, duk abin da aka faɗa a falo ana jin sa a kicin.

Baƙon Ɗalhatu ne, saurayin da ta haɗu da shi a kemis ɗin da take aiki, wanda yau ya zo gaida iyayenta karo na farko. Tun farkon mako take roƙonsa ya ce shi ma'aikacin lafiyar dabbobi ne kawai, ya tsaya nan. Ai ba ƙarya ba ce, in ji ta, tunda abin da ya karanta ke nan a Zariya. Shi kuwa ya ce ba zai shiga gidan mutum neman 'yarsa da rabin magana ba.

Haka kuwa ya yi. Ya gaya wa Alhaji Idris cewa a wata gonar dawakai yake aiki can bayan gari, ta wani Balarabe, kuma shi ke kula da ingarmun da ake bayarwa don barbara. Masu kiwo su kawo goɗiyoyinsu, shi ya duba lafiyarsu, ya tsaya a kan aikin, ya bi sawu har a tabbatar goɗiya ta ɗauki ciki.

Alhaji ya ce, "Wato kai ne mai riƙe doki idan zai hau goɗiya."

"Ni ne, Alhaji."

Ba a ci abincin da ta wuni tana dafawa ba. Alhaji ya sallami baƙon cikin mutunci, ya rufe ƙofa, ya juyo ya gaya wa matarsa Hajiya Wasila cewa maganar nan ta mutu. Muhsinat ta fito ta durƙusa gabansa tana kuka, tana cewa Abba ya bincika halinsa tukuna. Ya ce shi bai ce yaron ba shi da hali ba.

"Amma in aka tambaye ni a masallaci me surukina yake yi, in ce me? Khalas, an gama, kada in sake jin zancen."

Bayan kwanaki, da Umma, mahaifiyarta, ta yi ta lallashi, Alhaji ya ɗan sauko. Ya aika wa Ɗalhatu cewa in da gaske yake, ya bar bargar ya zo sitonsa na kago a Ras Al Khor ya riƙa lura da lodin kwantena, sai a yi maganar aure. Muhsinat ta yi murna har da rawa a ɗaki. Amma Ɗalhatu ya je da kansa ya yi godiya, ya ce a yi masa afuwa, ba zai iya ba.

Ranar ta kira shi a waya. "Doki ya fi ni ke nan, Ɗalhatu?"

"Wallahi bai fi ki ba. Da haram nake yi, da yau na bari. Amma in na gudu daga halal don kada a yi mini dariya, wane irin miji za ki samu? Ki ba ni lokaci, Abba uba ne, ba maƙiyi ba."

Ta kashe wayar. Ta yi makonni ba ta ɗaga kiransa, tana zuwa aiki da kumburarrun idanu. Da fushin ya huce, sai ta ga abin da ya ba ta haushi a wurinsa shi ne abin da ya sa ta so shi tun farko. Wata ƙawarta ta ba ta shawarar su koma gida Najeriya su sami wani kawu ya ɗaura musu, in an gama Abba zai haƙura dole. Muhsinat ta ce ita ba za ta shiga ɗakin miji da fushin mahaifinta a kanta ba, ko da za ta tsufa a gida. Shi ma Ɗalhatu bai fasa ba. Duk Juma'a sai ya taho tun daga gonar zuwa masallacin da Alhaji ke salla, ya rusuna ya gaishe shi. Alhaji ya amsa a daƙile, ya wuce.

A haka shekara ta kusa zagayowa, sai aka kawo Hajiya Barira, mahaifiyar Alhaji, daga Katsina don a yi mata aikin gwiwa. Ɗaki ɗaya aka sa ta da jikarta. Tsohuwa ce mai ido, ba ta daɗe ba ta tambayi abin da ke cin yarinyar har ta rame haka. Muhsinat ta kwashe komai ta gaya mata, tana jin nauyin faɗin sunan aikin. Ta zaci faɗa za a yi mata ko dariya. Sai Hajiya ta ce gobe a kai ta ta ga dawakan.

Suka tafi su uku da Umma a tasi. Hajiya ta yi ta mamakin barga mai esi, na'urar sanyaya ɗaki, tana cewa dawakan ƙasar nan sun fi mutane jin daɗi. Ɗalhatu ya tura keken marasa lafiya da take kai da kansa, sannan ya fito da wani ƙaton kilin doki mai sheƙi, yana yi masa magana a hankali. Tsohuwa ta miƙa hannu ta shafa wuyan dokin ba tsoro, kamar wadda ta saba, sai ga hawaye.

A nan ta gaya musu abin da Muhsinat ba ta taɓa ji ba. Ita dai ta san kakanta Malam Halliru ma'aikacin En'e ne. Ashe a zamanin Turawa shi ke riƙe da ingarman hukuma, yana yawo da shi ƙauye-ƙauye, manoma na kawo goɗiyoyinsu don su sami iri mai kyau. Hajiya ta ce ita ma sai da danginta suka yi ta tsaki kafin a ba shi ita, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa sa ta kuka ba.

Da yamma Muhsinat na matsa mata ƙafa Alhaji ya shigo gaisuwa. Ta yunƙura za ta fita, kakar ta ce ta zauna.

"Idi," in ji Hajiya, "yau na ga mai sana'ar ubanka. An ce ka kore shi."

Alhaji ya zauna a ƙasa. Muhsinat ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce Inna ba ta san abin da ya sha a makaranta ba. Ɗan mai barbara, haka yara ke kiransa, suna yi masa haniniya in ya wuce, har ya bar garin sunan na bin sa. Shi ba ya son a kira jikokinsa da shi.

"Yaran da suka yi maka dariya, iyayensu ne ke sammako ƙofar gidanmu da goɗiya a hannu suna jiran ubanka ya fito," in ji ta. "Da aikin nan ya ciyar da kai, ya sa ka makarantar. Shi bai taɓa sunkuyar da kai ba. Kai ne ka sunkuyar a madadinsa, yanzu kuma kana so yarinyar nan ta biya."

Alhaji ya goge ido da gefen hannun rigarsa, ya tashi ya fita. Kwanaki suka wuce bai ta da zancen ba, Muhsinat ma ba ta tambaya ba, addu'a kawai take yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana tsaye a taga, sai ta hango motar Abba ta tsaya, Ɗalhatu ya fito daga gidan gaba. Daga baya ya ba ta labari. Ya je gaisuwa kamar kullum, sai Alhaji ya riƙe hannunsa bai saki ba, ya ja shi cikin abokansa 'yan kago, ya ce ga wanda zai ba 'yarsa, ingarmu yake kula da su na barbara, kuma shi ma Alhajin sana'ar mahaifinsa ce. Wani ya fara murmushi, Alhaji ya dube shi ido cikin ido har murmushin ya ɓace.

Da suka shigo, Alhaji ya kira ta. "Muhsinat, kin yi mini biyayya lokacin da ban kyauta miki ba. Allah ya yi miki albarka." Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, Umma na tsaye tana share nata.

An ɗaura auren a Katsina bayan ƙaramar salla, Hajiya Barira ta taka da ƙafarta har ƙofar ɗakin amarya. Da Muhsinat ta bi shawarar gudu, da ta sami miji ta rasa uba. Da Ɗalhatu ya ɓoye aikinsa, da ya sami mata ya rasa girmansa a idonta. Suka yi haƙuri, suka tsaya a kan gaskiya, Allah ya haɗa musu duka biyun. Sana'ar halal ba ta zubar da mutuncin kowa, jin kunyarta ne ke raba mutum da nasa.