Durƙuson Safiyatu

"Wa ya ɗauke mini kujerar wanka?"

Safiyatu ce ke tambaya daga ƙofar banɗaki, tawul a kafaɗa, ta dogara da sandunanta biyu. Kwana ashirin ke nan da sallamo ta daga asibiti a Kaduna, inda aka cire kan ƙashin ƙugunta da ciwon sikila ya cinye, aka sa na ƙarfe. Doguwar kujerar robar da mijinta Ɗalha ya saya mata babu ita babu alamarta. A gurbinta an ajiye kujera 'yar tsugunno, wadda ko mai lafiya sai ya naɗe kafin ya zauna.

"Ni na ɗauke," in ji Inna, uwar mijinta, tana tsintar shinkafa ko ɗagowa ba ta yi ba. "'Yan uwana za su zo daga Kakangi da la'asar. A ƙasa zan zaunar da su, kujera tana banɗaki tana shan sabulu?"

"Inna, ai dokta ya ce—"

"Dokta! Dokta! Haihuwa tara na yi, duk a kan irin 'yar tsugunnon nan na yi wankan jego, ban karye ba. Ke an ɗan tsaga ki kin zama gilashi!"

Ba wai Inna ba ta san dokar ba. Ranar da aka dawo, maƙwabciyarsu Sista Naomi, nas ce, a gabanta ta zayyana komai: wata uku ba tsuguno, ba durƙuso, ba harɗe ƙafa, ba zama kan abin da bai kai gwiwa tsayi ba. Bokitin wanka a ɗora shi kan benci, a shimfiɗa buhu saboda santsi, soso a ɗaure shi jikin muciya don ya kai ƙafa ba tare da an sunkuya ba. Sallah ma a zaune. "In kin karya ɗaya ƙashin zai goce," in ji Sista, "sai an sake komawa Kaduna, hanyar kuwa kin san haɗarinta."

Duk a cikin wannan, guda ɗaya ce ta tsaya wa Inna a maƙogwaro: ba durƙuso. Tun da 'yan bindiga suka taso ta daga ƙauye ta dawo gidan ɗanta a Birnin Gwari, ba gona ba rumbu, girman da ya rage mata a duniya shi ne suruka ta durƙusa ta gaishe ta da safe. Yanzu shi ma an ce likita ya soke.

Ɗalha ya fito zai tafi makarantar da yake koyarwa. Safiyatu ta dube shi, hawaye na bin kumatunta.

"Malam, ka ji fa."

Ya sosa ƙeya. "Sori, Safiya. Ki yi haƙuri, uwa ce. Yau ɗaya dai ki goge jiki da tawul."

Ya tashi mashin ya fice. Wannan "ki yi haƙuri" ta fi zagin Inna ƙona mata rai. Shekara biyu tana jin ta, tun lokacin da Inna ke cewa an auro mata asibiti. Shi da ya sha alwashin zai zame mata garkuwa, in uwarsa ta yi tari sai ya zama kurma.

Ta wuni kwance, filo tsakanin ƙafafunta kamar yadda aka umarta, zuciyarta na tafasa. Zagi? Inna ta fi ta baki. Yaji? Da wace ƙafar? Can dabara ta faɗo mata, muguwar dabara. Durƙuso ake so, to za ta durƙusa, a gaban mutanen Kakangi kaf. Ƙashin ya goce, a ɗauke ta ranga-ranga, labari ya zaga gari cewa Inna Kadijatu ta gurgunta surukarta. Shi kuma Malam ya ƙare rayuwarsa yana cizon yatsa. Har murmushi ta yi, don an ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Da la'asar tsakar gida ta cika da tsofaffi.

"Ke! Fito ki gaida iyayenki!" Inna ta ƙwala kira.

Ta fito ƙwas-ƙwas da sanduna, ta ce, "Sannunku da zuwa."

"A tsaye, kamar soja?" in ji wata tsohuwa.

"Kun gani ko?" Inna ta tafa hannu. "Abin da nake fama da shi ke nan."

Safiyatu ta kafe ta da ido. "Durƙuso kike so, Inna? Yau za ki same shi, ga shaidu!"

Ta watsar da sandunan, suka faɗi tangaran a kan siminti. Ta fara lanƙwasa gwiwa. Wani raɗaɗi ya tsarga mata tun daga ƙugu har ƙwaƙwalwa, ta cije leɓe ta ci gaba. Daidai nan Ɗalha ya turo mashin cikin gida. Sakin mashin ɗin ya yi ya faɗi, shi kuwa ya yi tsalle ɗaya ya cafe ta.

"Safiya! Kin haukace ne?"

"Sake ni! Bari in ba ta abin da take so! Ta samu gurguwa ta yi jinya har ƙarshen ranta, kai kuma ka ci gaba da cewa in yi haƙuri!"

Sai a lokacin ya gane inda shirunsa ya kai matarsa. Ya tsayar da ita sosai, ya miƙa mata sandunanta, sannan ya juya ya zube gwiwa biyu gaban uwarsa.

"Inna, barka da yamma. Wannan nawa ne."

Ya miƙe tsaye, ya sake zubewa.

"Wannan na Safiya ne. Kullum da safe zan kawo miki biyu, girmanki ba zai ragu da komai ba. Amma ƙarfe ne a ƙugunta, Inna, in ta durƙusa ta nakasa. Amana ce a wuyana, kuma na yi sakaci."

Tsohuwar nan ta juya ta dubi Inna. "Kadijatu, ƙarfe? Ke da kika ce mana girman kai ne? Haba! Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ɗalha bai saɓa ba ko sau ɗaya. Kowace safiya Safiyatu na tsaye a ƙofa tana kallon malami guda yana zubewa sau biyu a kan siminti saboda ita, wutar da ke ranta tana mutuwa kaɗan-kaɗan. In ta tuna abin da ta so yi wa kanta, sai tsigar jikinta ta tashi. Inna kuwa kunya ta hana ta magana, sai dai Safiyatu ta riƙa tarar da ruwan ɗumi a kan benci, an riga an sirka.

Ranar da ta ajiye sanduna, ta tako da ƙafafunta har gaban Inna, Ɗalha na biye da ita zai zube kamar kullum.

"Tashi haka nan, kai ma gwiwar taka ta huta," in ji Inna. Ta kamo hannun Safiyatu. "Gaishe ni a tsayenki, 'yata. Na amsa. Ki yafe mini."

Suka rungume juna suna kuka.

'Yan uwa mata, duk zafin da aka cusa muku, kada ku rama da jikinku, don in ya karye ku zai fara kwantarwa kafin kowa. Ku kuma maza, "ki yi haƙuri" ba magani ba ce in an faɗe ta ana ficewa daga gida. Mai cewa a yi haƙuri, ya sa gwiwarsa a ƙasa ya ɗauki rabin kayan.