Bangon da Ya Yi Zafi

A wata unguwa a birnin Multan akwai wani yaro ɗan aji biyar. Kai, wannan yaro ya iya tsokana. Kajin gidansu ma in sun hango shi sai su canja hanya.

Babansa, wanda suke kira Abbu, mai gyaran wutar lantarki ne. Da zafi ya tsananta, sai ya sayo babban injin jan ruwa. Ya fafe bangon ɗakin Dadi, kakar yaron, ya jera bututun roba mai faɗi da wayoyin injin za su bi.

Yaron ya tambaya me ya sa ba a sa siririn bututu irin na fitila ba.

"Wayoyin nan masu kauri ne, suna ɗaukar zafi," in ji Abbu. "Sai an bar musu fili su sha iska. In ka matse su, sai su narke."

Yaron ya ce ai ya daɗe da sanin haka. Ƙarya yake yi, hankalinsa na kan bututun.

Abbu na fita masallaci, sai yaron ya zare guntu ɗaya. Ya cusa siriri a gurbin, ya naɗe da salatif, ya shafa ƙasa. Ya hau rufin gida, ya kafa baki a bututun, ya yi wa 'yar aikin maƙwabta muryar aljani har ta yar da tsintsiya. Ya yi dariya har da hawaye.

Washegari birkila ya shafe bangon da siminti. Da aka zo jan wayoyi, suka maƙale. Abbu da ƙanensa suka yi ta ja suna gumi, da ƙyar suka wuce. Yaron yana tsaye yana kallo, amma ya ɓoye abin da ya yi.

Ranar Asabar aka kunna injin. Bayan azahar Dadi ta kwanta a gadonta na igiya, kanta jingine da bangon, jaririyar gidan na barci a gefenta.

Yaron ya leƙo. Ya ji wani wari kamar ana ƙona roba. Ya lallaɓa ya taɓa bangon. Zafi kamar tanderun gurasa.

Nan take ya tuna da siririn bututun da ya cusa. In ya faɗa, ya san sauran. In ya yi shiru fa? Ya dubi gashin Dadi, ya dubi ɗan yatsan jaririya. Sai ga siririn hayaƙi yana fitowa ta makunnin fitila.

Ya sungumi jaririya, ya ja hannun Dadi.

"Kai ɗan banza, yau kuma wace tsiya ka ƙulla?" in ji ta.

"Dadi, don Allah tashi. Wallahi ba wasa ba ne."

Da ta ga hawaye a idonsa, ko takalmi ba ta nema ba.

Ya ruga yana kiran Abbu. Abbu ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya ɗauko guduma ya fasa bangon. Ga siririn bututu ya narke, wayoyi sun yi baƙi sun manne da juna.

Tun kafin a tambaya, yaron ya faɗi komai, yana shessheƙa.

Abbu ya dubi narkakken bututun, ya dubi yaron. Can ya ce, "Ɗana, ka yi babban laifi. Amma da ka ƙara yin shiru, da yanzu ba mu da Dadi."

Hukuncinsa shi ne ya kwashe ɓaraguzai, ya kuma riƙe sabon bututu mai faɗi har aka gama. Wannan karon wayoyi suka wuce sumul. Dadi ta murɗe masa kunne, sannan ta ba shi mangwaro mai sanyi.

Yara, kada ku yi wasa da kayan lantarki. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun kafin ya cutar da wani.