Bangon da Ke Rawa

Ranar Talata da hantsi Farid ya faɗo komisariya, ofishin 'yan sanda a Kwatano, yana huci, ya ce an sace masa wufa.

"Mece ce kuma wufa?" in ji Sufeto Dramane, mutumin da iyakar saninsa rediyon aljihu.

"Akwatin bas, shef. Ƙananan sifikoki su ke ba da murya, ita kuwa ita ke ba da ƙasan kiɗa, wanda ake ji a ƙirji. Kuma na san ɓarawon. Kamarou ne mai gyaran rediyo, shi ya haɗa min ita."

Kafin azahar an tsare Kamarou. In ba a sami wani bayani ba zuwa Juma'a, kotu za a kai shi, shagonsa kuwa ya mutu ke nan. Wa zai sake shigar da ɓarawo falonsa?

Farid yana zaune ne a Zongo, cikin gidan surukinsa Alhaji Labaran, dattijon da sahun gaba a masallaci bai taɓa wuce shi ba. Sufeto ya duba falon. Ba a fasa ƙofa ba. Ga talabijin, ga amfilifaya, ga sifikoki, duk suna nan.

"Wane irin ɓarawo ne zai bar mai sauƙi ya ɗauki mai nauyi?" ya tambayi kansa.

Ya sami Alhaji a zaure.

"Ni da kayan kiɗa? A'uzubillahi!" in ji Alhaji. "Sau nawa na ce wa yaron nan ya fitar min da shi daga gida."

Yana magana idonsa na kan bakin Sufeto. Da ya juya zai ɗauki buta, Sufeto ya sake yi masa tambaya daga baya. Ko gezau bai yi ba.

Washegari Sufeto ya shiga maƙwabta, wajen wata mai waina da ake kira Mamata, wadda kicin ɗinta ke jingine da gidan.

"An sace? Wa ya ce?" Ta riƙe haɓa. "Wallahi ko jiya bayan azahar sai da murafan tukwanena suka yi ta kaɗawa. Ba ka jin waƙa, sai dai dum, dum, har cikin haƙori."

"Ta wane bango?"

Ta nuna. Ba na falon Farid ba ne. Na ɗakin Alhaji ne.

Sufeto ya koma wajen Kamarou.

"Wufa tana aiki ba tare da sauran kayan ba?"

"Wannan tana yi, shef. Da amfilifaya a cikinta. Waya ɗaya za a jona mata daga rediyo."

"Wa ya sayi irin wayar a wajenka kwanan nan?"

"Ba kowa."

"Ƙarya kake."

Kamarou ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Shef, wanda ya saya, shi ya raɗa wa ɗana suna. Da bakina ba zan faɗa ba. Gara a kai ni."

Nan kunya ta kama Sufeto shi ma. Tun jiya yana tsare da mutumin kirki a kan maganar mai huci.

Alhamis bayan azahar ya tsaya ƙofar ɗakin Alhaji, Farid na bayansa. Ƙasa na motsi a tafin ƙafarsu. Suka yi sallama sau uku, shiru. Sufeto ya tura ƙofa.

Ga Alhaji zaune a ƙasa, ya rungume wufar an naɗe ta da barguna biyu, ƙirjinsa manne da ita, idonsa a rufe. Tsohuwar rediyo mai kaset tana juyawa a gefe. Yatsunsa na bugun bargon, ba sa kuskure ko ɗaya.

Sufeto ya kashe rediyon. Alhaji ya buɗe ido, ya ga surukinsa. Kai, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige.

"Na rufe ta da bargo," ya ce a hankali. "Na zaci ba mai ji."

"Bas ba ya tsayawa a bargo, Baba," in ji Farid, kansa a ƙasa. "Bango ma ratsa shi yake."

Sai Alhaji ya faɗi komai. Shi ɗan makaɗa ne daga garin Djougou, gangar da ke cikin kaset ɗin ta mahaifinsa ce. Da ya zo Kwatano ya yi arziki a fataucin albasa, sai ya binne asalinsa, don kada a ce 'ya'yansa jinin maroƙa ne a ƙi aurensu. Shekara uku ke nan kunnensa ya tafi, shi ma ya ɓoye. Rannan ya dafa bangon Farid ya ji bugu a hannunsa. Sai ya faki ido ya ɗauke wufar zuwa ɗakinsa, ya sayo waya wajen Kamarou.

"Shekara uku ban ji ubana ba. Roƙonka kuwa ba zan iya ba, bayan duk zagin da na yi wa kiɗa."

"Da aka kama Kamarou fa?" in ji Sufeto da ƙarfi.

"Ina zaure aka wuce da shi. Na yi shiru. Wannan ya fi satar muni."

"Shef, na janye ƙara," in ji Farid da sauri. "Kayan gida ne."

"A'a." Alhaji ya miƙe ya ɗauki hularsa. "A gaban jama'a aka tafi da shi. Ni ma a gabansu zan tafi, in roƙe shi gafara kafin ya fito."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Suka fito lungu, mutane sun cika shi maƙil, har masu zem, wato 'yan acaɓa, sun kashe babura suna kallo. Bakuna na ta motsi ko'ina, wasu na nuni da yatsa, wata na tafa hannu tana salati.

Alhaji ya riƙo hannun rigar Sufeto.

"Me suke cewa?"

Sufeto Dramane, wanda ya yi wuni uku yana farautar maƙaryata, ya sunkuya daidai kunnen tsohon ya ɗaga murya.

"Gaishe ka suke yi, Alhaji."