Wurin Umara a Gefen Hagu

An ɗaura auren Babaji Shehu da Gumsu Kaumi ranar Juma'a ta biyu bayan ƙaramar salla, a watan Mayun 1957, a ƙofar gidan mahaifinta da ke unguwar Bolewa a Potiskum. Ango ɗan shekara ashirin da biyu ne, ɗalibin ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, shi ke buga lamba tara a ƙungiyar ƙwallon makarantar. Amarya tana koyar da 'yan mata a elementare. Wata uku kafin wannan rana, uban amarya ya ce ba za a yi ba.

Gidan Ba Kaumi, dillalin shanu ɗan asalin Barno, katanga ɗaya ce tsakaninsa da filin kwalejin. Ɗansa Umara shi ke buga gefen hagu, shekara uku suna tare da Babaji cikin 'yan gaba biyar. Sanƙarau ya kashe shi a bazarar 1956, cikin kwana biyu. Aka ba Sajo, wani ɗan aji biyu daga Fika, rigarsa.

Daga nan ƙungiyar ta buga wasa tara ba ta jefa ko ɗaya a raga ba. Kowa yana ganin inda abin yake lalacewa. Babaji zai karɓi ƙwallo a tsakiya, ya tura ta hagu ba tare da ya duba ba, ta faɗi inda babu kowa, taku goma gaban Sajo. Wani lokaci ta gangara waje. Wani lokaci ta yi tsalle ta haye katangar.

Haka suka haɗu. Wata la'asar a watan Nuwamba ya zagaya ƙofar gidan neman ƙwallo, ya yi sallama a zaure. Gumsu ce ta fito da ita. Ya san Umara yana da ƙanwa, amma bai taɓa ganinta ba.

"Wannan ce ta huɗu," in ji ta. "Ta biyun ta fasa mana randa."

"A yi haƙuri. Zan sayo wata."

"Ba randa ce damuwata ba. Kai ne Lamba Tara?"

"Ni ne."

"Ya Umara ya ce ba ka taɓa sa shi jira ba."

Babaji ya karɓi ƙwallon. Idanunta irin na wanta ne. Ya koma fili, ranar bai ƙara taɓuka komai ba.

A garin kuwa maganar ta zama abincin kullum. Majalisar 'yan kallo tana zama a ƙofar shagon Dabo tela, kusa da inda Yaji ke gyaran keke.

"Ni dai na faɗa," in ji Dabo, "a mayar da Babaji baya, a kawo mai ido. Mutum yana buga ƙwallo kamar mai zuba wa kaji dawa!"

"Ba Babaji ba ne, Sajo ne," in ji Yaji. "Yana tsaye kamar an dasa shi. Ko turken jaki ya fi shi motsi."

"To ya bi ƙwallon da aka jefa Damaturu?"

"Kai tela, ka taɓa buga ko lemo? 'Yan baya suna shan wuya, gola ya rame, 'yan gaba biyar sun koma huɗu da rabi."

Wani tsohon masinja da ke zama da su ya gyara murya.

"Ku kuna ta gardama, ba ku lura ba. Ƙwallon nan wuri ɗaya take faɗawa kullum. Na sa dutse a gefen fili na gwada. Daidai inda marigayi yake karɓa."

Yaji ya ce a'uzu billahi, ya koma kan tayarsa. Kafin mako ya zagayo, maganar ta kai kasuwar shanu: ɗan Ba Kaumi bai bar fili ba, shi Babaji yake ba ƙwallo.

A lokacin su biyun sun riga sun sami hanyar magana. Ƙwallon fata ce mai igiya a baki. Gumsu takan naɗe takarda ƙanƙanuwa ta cusa ƙarƙashin igiyar kafin ta jefo ta, Babaji kuma ba ya barin kowa ya riga shi ɗauka. Amsa sai bayan an tashi atisaye, ya buga ta ciki da gangan.

Ta farko cewa ta yi: "Lamba Tara, Ya, mahaifiyarmu, ta ce in ka ƙara fasa mata wani abu za ta dafa ƙwallon nan. Ni na hana."

Ya rubuta: "Sarauniyar katanga, na gode da ceto. Da ma ni ne ƙwallon, a riƙa jefa ni ciki."

Ta amsa: "Da kai ne, da ban jefo ba."

A watan Fabrairu kawun Babaji, wani mai sayar da yadi ɗan asalin Kano, ya je neman izini. Ya tarar kawun Sajo ya riga shi da kwana huɗu a kan wannan magana. Ba Kaumi ya saurare shi har ƙarshe.

"Yaron ba shi da aibi a wurina," in ji shi. "Amma ni na sa ɗana a kabari da hannuna. Yanzu in na shiga kasuwa sai a daina magana. An mayar da shi fatalwa, ana tafa masa a fili. Wanda ya jawo wannan ba zan ba shi 'yata ba. Ya bar Umara ya kwanta, sannan a zo."

Washegari Babaji ya tsaya a bayan katangar, Gumsu tana ciki bisa turmi, kanta kawai ake gani.

"Zan bar ƙwallo," in ji shi.

"In ka bari za su ce shi ya kore ka. Maganar ta zauna ke nan."

"To ya zan yi, Sarauniya? Ba da gangan nake yi ba." Ya duba hagu da dama. "Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Kafin Umara ya tashi da gudu, yakan yi fito. Biyu, gajere da dogo. Da na ji sai in saki ƙwallo. Har yanzu ina ji."

Ta gyara tsayuwarta a kan turmin.

"A kunnenka ko a ranka?"

"Ban sani ba."

"Ka ci abinci yau?"

"A'a."

"Je ka ci, Lamba Tara. Ka bar ni in yi tunani."

Shekara uku ta yi tana kallon wanta daga kan wannan turmi, ta san abin da 'yan majalisa ba su sani ba. Umara ba ya tsayawa a layi ɗaya da sauran. Yakan ja baya kamar ya gaji, ya bari mai tsaronsa ya manta da shi, sannan ya taso. Ƙwallon ba wurinsa ake turawa ba, wurin da zai iso ne. Sajo kuwa a makarantarsu an koya masa ya tsaya ya jira a ƙafa. Babu laifin kowa. Gyaran yana hannun mutum ɗaya, kuma shi ne wanda zai fi kowa cin riba in ba a gyara ba.

Ranar Litinin ƙwallo ta dawo da takarda. Babaji ya zaro ta, ya ga an liƙe ta da ƙaro, a bayanta an rubuta: Sajo. Ya tsaya da ita a hannu har kyaftin ya yi masa tsawa. Sannan ya taka ya miƙa wa mai ita.

"Taka ce."

Daga ranar bai ƙara buga ƙwallo cikin gidan da gangan ba. Takardu biyu suka fito, ya bar su a igiya har suka yage. Hanatu, abokiyar aikin Gumsu, ta ce a makon nan sau biyu tana tarar da ita a aji tana riƙe da alli, ba ta rubuta komai a allo ba.

Wasan ƙarshe kafin azumi an yi shi ranar Laraba, shida ga Maris, da ƙungiyar ma'aikatan En'e. Ranar kasuwa ce, duk da haka filin ya cika. Da yawa ba ƙwallo suka zo gani ba. Sun taru a gefen hagu, kusa da dutsen masinja.

Kafin hutu Babaji ya yi ƙoƙarin hana ƙafarsa. Yakan tsaya ya duba, kafin ya gama dubawa an ƙwace. Sau ɗaya ƙafar ta fi ƙarfinsa, ƙwallo ta faɗi inda ta saba, ta gangara ita kaɗai. Wani ya ce, "Ga shi nan!" Wasu suka yi dariya, wasu suka ja da baya.

Saura minti goma a tashi, babu ci. Babaji ya karɓa a tsakiya, bayansa na fuskantar raga. Ya saki ta hagu bai duba ba. Sajo, wanda ya ja baya yana gyara igiyar wandonsa, ya taso da gudu, ya wuce mai tsaronsa, ya riski ƙwallon daidai dutsen. Taɓawa biyu ya yi, ta shiga. Dabo tela ya jefa hularsa sama, ba a ƙara ganinta ba.

"Ban faɗa ba?" Yaji yake ihu. "Turke ne matsalar! An tuge turke!"

A ranar majalisa ta yanke hukunci: babu fatalwa, ragon ɗan wasa ne aka yi fama da shi.

Bayan mutane sun watse, Sajo ya sami Babaji a bakin rijiyar makaranta. Ya ciro takardar daga aljihu. Ƙaron yana nan yadda yake.

"Ban buɗe ba," in ji shi. "Na san sallama ce, ban ga amfanin karantawa ba. Ka mayar mata."

Babaji ya buɗe a gabansa, ya karanta a fili: "Malam Sajo, ba zan ɓoye maka ba, Babaji nake so, kuma na faɗa wa Baba. Duk da haka ina roƙonka abu ɗaya saboda yayana. In ƙwallo ta zo wa lamba tara, ka ja baya taku biyar, ka tashi da gudu kafin ya buga. Za ka same ta a gabanka. In ka ƙi, ba zan riƙe ka ba. Gumsu."

Sajo ya karɓa ya maimaita karantawa da kansa.

"Wallahi ban ga wannan ba."

"To me ya sa ka gudu?"

"Fito na ji a bayana, ta wajen katanga. Na ɗauka kai ka sa wani ya yi mini alama."

"Sau nawa?"

"Biyu. Gajere da dogo."

Da safe Babaji ya je bayan katangar ya nemi gafara. Gumsu ta bar shi ya gama.

"Kwana goma ka bar ni ina magana da ƙwallo," in ji ta.

"Na yi wauta, Sarauniya."

"Ka yi. Kada ka ƙara." Sai ya gaya mata abin da Sajo ya ce. Ta ce tana kan turmi tun farkon wasa, ihu ya yi yawa, ba ta ji komai ba. Ta ce kada ya faɗa wa Baba. Ya ce ba zai karɓe ta a kan ɓoye-ɓoye ba.

Ba Kaumi ne da kansa ya aika a kira shi ranar Asabar. Babaji ya durƙusa a zaure.

"An ce ƙwallon ta sami mai karɓa," in ji tsohon.

"Ta samu, Baba. Amma akwai sauran magana." Ya faɗi komai, har da abin da shi kansa yake ji.

Ba Kaumi ya kalli ƙasa.

"Gajere da dogo. Da shi ake juya garke. Ni na koya masa yana da shekara shida." Ya shafa gemunsa. "Da ka yi shiru, da ba wanda zai sani."

"Ni zan sani, Baba."

"Ka ce wa kawunka ya zo bayan salla."

Ranar ɗaurin aure 'yan ƙungiyar duka sun zo, Sajo ne ya raba goro. Bayan fatiha Ba Kaumi ya riƙe hannun ango ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya jiƙan wanda ya haɗa ku." Jama'a suka ce amin. Da aka kai amarya, abin da ta fara ce wa mijinta shi ne, "Yau dai ta ƙofa ka shigo, Lamba Tara." Ya yi dariya har da hawaye.

Babaji ya ce tun daga wancan wasan bai ƙara jin fiton ba. Dillalai biyu sun ce Ba Kaumi yana kasuwar shanu ranar Larabar har magariba. Gumsu ta ce da ta sauko daga turmi ta ga takalman mahaifinta a ƙofar ɗakinsa. Babu wanda ya tambaye shi, shi kuma bai ce komai ba.