Ranar da Aka Kai Baba Ɗantala Bakin Teku

Hanifa tana durƙushe a ƙofar ɗakin mahaifinta da kofin kunu a hannu, tana lallashinsa ya sha, sai ta ji tsayuwar motar Anti Bebi a waje. Ba ta tashi ba. Ta san abin da ya taso yayar mijinta daga garin Summerfield da sassafe, kuma ba gaisuwa ba ce.

Baba Ɗantala masunci ne a Yauri, a kan ruwa ya yi ƙuruciya, a kan ruwa ya tsufa. Da matarsa ta rasu, Hanifa ta kawo shi wurinta, don ita kaɗai ta rage masa. Da farko lafiya lau. Daga baya ciwon mantuwa ya shigo masa a hankali. Yakan sa takalminsa a firji, yakan kira Hanifa da sunan uwarta. Ya sha buɗe ƙofa ya kama titi yana neman hanyar kogi, a Pleasant Garden kuwa, garin da suke zaune a ƙasar Turawa, ba mai tafiya a ƙasa sai wanda ya ɓace, sai maƙwabci ya gan shi ya dawo da shi a mota.

Muzammil, mijin Hanifa, ba mugu ba ne. Yana son matarsa, ya kuwa sha wuya kafin ya same ta. Amma yaro ne da aka yi wa tarbiyyar kunyar suruki. Tun da tsohon ya shigo gidan bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa zama kujera ɗaya da shi ba. Zai durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa, ya fice. A gida Najeriya wannan ba wahala, akwai zaure, akwai tsakar gida. A nan kuwa falo ɗaya ne, tsohon kuma a nan yake wuni. Sai ya zama Muzammil a gareji yake cin tuwonsa, a tsaye, kamar ɗan haya a gidansa. Matarsa kuma in ta shigo ɗaki a gajiye take, ko hira ba ta iya yi.

Anti Bebi ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta kawo shi ƙasar nan, maganarta a wurinsa maganar uwa ce. Ta daɗe tana hura masa cewa ya auri mace ya samu tsoho, cewa shekaru na tafiya ba ɗa ba jika, cewa ko Turawa da suka fi kowa tausayin kare suna kai iyayensu gidan tsofaffi. Ta je da kanta ta samo wani gidan, aka ce a kawo shi ranar Litinin.

A kicin aka yi maganar ranar Alhamis, ba su ko rage murya ba, don sun ɗauka tsohon ba ya gane komai. Muzammil ya ce ya gaji, kuma ba zai saɓa wa yayarsa ba. Hanifa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba za ta miƙa ubanta ga baƙi su juya shi da yaren da ba ya ji ba. In gidan nan ya yi masa kaɗan, za ta ɗauke shi su koma Yauri tare, shi kuma Muzammil ya sawwaƙe mata. Abu ɗaya ta roƙa. Kullum Baba yana tambayar ruwa, a kai shi ya ga babban ruwa ranar Asabar, kafin a rabu ko ta wace hanya. Muzammil ya yarda, idonsa ja. Anti Bebi ta ce da ita za a je, kada a tafi da ƙaninta a canja masa tunani a hanya.

Haka suka kama hanyar Wilmington, wani gari na bakin teku, Anti Bebi a gaba kusa da direba, Hanifa da ubanta a baya. Tafiya ce mai nisa. Suka wuce gonakin taba da na dankali, da auduga da ta fara fari. A wata rumfa ta bakin hanya suka tsaya, inda manoma ke sayar da kankana da dafaffiyar gyaɗa. Hanifa ta ɓare wa Baba gyaɗa tana sa masa a tafin hannu. Muzammil ya koma bayan motar ya ci tasa.

"Kin gani ko?" in ji Anti Bebi. "Wikend guda ɗaya yaro ke da shi, shi ma a ɓoye zai ci gyaɗa kamar ɓarawo."

Hanifa ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Anti."

Da suka isa, gidan kifi suka fara shiga, inda ake zuba kifayen teku a manyan akwatunan gilashi mutane su biya su kalla. Wurin cike da Turawa da 'ya'yansu. Baba Ɗantala ya manna fuskarsa a gilashi yana neman giwan ruwa, yana neman tarwaɗa da ragon ruwa, bai ga ko ɗaya ba. Ya ce waɗannan ba nasu ba ne, kuma wanda ya kulle kifi bai ci ba bai sake shi ba, Allah zai tambaye shi. Ya shiga buga gilashin da hannu, har wata ma'aikaciya ta zo ta yi magana a hankali. Anti Bebi ta ja gyalenta ta yi gaba kamar ba tare suke ba.

Daga nan suka shiga jirgin fito, irin wanda mota ke hawa da mutanenta a tsallaka da su. A nan ne tsohon ya ɗan dawo. Ya tsaya ya riƙe ƙarfen gefe, iska na kaɗa rigarsa, ya yi wa ruwa sallama kamar yadda ya saba. Hanifa ta dubi mijinta ko zai dube ta su yi murmushi tare, kamar dā. Shi kuwa tsuntsayen da ke bin jirgin yake kallo.

A bakin teku Baba bai jira kowa ba. Ya tuɓe takalmi ya taka yashi, ya ratsa tsakanin masu kwance a rana da ɗan abin da suke kira tufafi, ko kallonsu bai yi ba. Ya shiga ruwa har idon sawu, ya kamfata a hannu ya kai baki. Sai ya tofar. Ya sake kamfata, ya sake tofarwa. Ya juyo yana tambaya wa ya zuba wa kogi gishiri, ina ɗaya gaɓar, ina jiragen su Soumaïla abokinsa. Ya dubi ruwan da ba shi da ƙarshe, jikinsa ya kama rawa. Wata igiya ta zo ta buge shi a gwiwa, ya tsorata irin tsoron da masunci bai taɓa yi ba, cikinsa ya sake a wando.

Mutanen da ke kusa suka ja yaransu. Hanifa ta cire mayafinta ta ɗaura masa a ƙugu, ta ja shi zuwa banɗakin da ke bayan tudun yashi. Gini ne ƙarami, ƙofar maza da ƙofar mata. Wannan abu bai taɓa faruwa ba, a gida da kansa yake kama ruwa. Da ta kai hannu za ta shigar da shi ɓangaren mata, sai ya fizge ya riƙe mazugin wandonsa da hannu biyu.

"Ke wace ce? Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah, ina da iyali."

Ta ce ita ce Hanifa, ita ce 'yarsa. Ya ce 'yarsa ƙarama ce, tana makarantar allo. Ya ja da baya har ya jingina da bango, ƙazanta na bin ƙafarsa, ƙudaje sun fara taruwa. Hanifa ta tsaya da ledar kayan canji a hannu, hawaye na zuba, ba ta roƙi kowa komai ba.

Anti Bebi ta ciro wayarta. Ta ce a kira motar asibiti su zo su ɗauke shi, aikinsu ne, kuma daga can sai a wuce da shi inda aka shirya, an huta jiran Litinin. Da ta ga Muzammil yana tuɓe agogonsa, ta sha gabansa.

"Auta, kana da hankali kuwa? Surukinka ne fa. Mutumin da ko ruwa ba ka sha a gabansa, shi za ka je ka buɗe wa tsiraici? In aka ji a gida me za a ce?"

Duk tarbiyyar da aka yi wa Muzammil tana gefen yayarsa. Amma ba wani namiji nasu a wurin sai shi. Ya karɓi ledar daga hannun matarsa ba tare da ya dube ta ba, ya matsa kusa da tsohon ya ce, "Baba, zo mu je ka yi alwala." Tsohon ya bi shi kamar yaro.

A ciki Muzammil ya yi abin da bai taɓa zaton hannunsa zai yi ba. Ya tuɓe shi, ya tara ruwa a gorar roba daga famfo yana zubawa, ya wanke shi tas da sabulun wanke hannu, ya kawar da kansa gwargwadon iko. Wani Bature ya shigo, ya gani, ya fita ya tsaya a ƙofa yana tare masu shigowa. Jikin tsohon ba komai sai ƙashi da fata, ga tabon igiyar taru a tafukansa. Muzammil yana durƙushe yana sa masa wando sai ya ji rawar jikin ta tsaya. Ya ɗaga kai. Idon Baba Ɗantala ya washe, yana kallonsa da sani.

"Mijin Hanifa ne?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya juya fuskarsa ga bango. Ya daɗe haka, kafaɗunsa na motsi. Sa'an nan ya yi magana, bai juyo ba.

"Na ji abin da kuka faɗa a madafa. Ku kai ni inda za ku kai ni, ɗana. Ni na gama. Kada dai ka saki yarinyar nan saboda ni, ba ta da kowa."

Muzammil ya ɗaure masa mazugi, ya sa masa riga, ya wanke masa ƙafafu. Kafin su kai ƙofa hasken ya sake ɗaukewa daga idon tsohon, ya koma tambayar ina aka ɗaure jirginsa.

Da suka fito, Muzammil ya zaunar da shi a kan benci ya zauna a gefensa, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Anti Bebi ta buɗe baki, ya riga ta. Ya ce mata ita uwa ce a gare shi, kuma har ya mutu ba zai manta goyonta ba, amma ta kira mutanen nan ta ce ba za a zo ranar Litinin ba. Baba a gidansa zai zauna. Wankansa da kama ruwansa daga yau shi zai riƙa yi, ba Hanifa ba.

Anti Bebi ta ce to ya zaɓa, kada ya sake taka mata gida. Ya ce zai zo, ko za ta bar shi a waje. A hanyar komawa ta ƙi zama a gaba, ta koma baya ta juya wa kowa ƙeya har suka iso Greensboro, kusa da gida. Baba ne ya zauna kusa da direba yana barci. Hanifa ta miƙa hannu ta tsakanin kujeru ta dafa kafaɗar mijinta, shi kuma ya ɗora nasa a kai.

Kada wani ya ɗauka daga nan daɗi ya zo. Wahala ce ta ƙaru. Tsohon bai sake gane Muzammil ba ko sau ɗaya, "yaron nan" yake ce masa, wani lokaci ya zage shi, ya taɓa ma cizonsa a hannu wurin wanka. Muzammil yakan dawo daga aiki a gajiye ya naɗe hannun riga ya shiga. Anti Bebi ta cika alkawarinta, ya je ƙofarta ya fi a ƙirga ba ta buɗe ba, ta kuma kai ƙararsa har wurin dangi a Zariya. Hanifa ta ji maganganu iri-iri a gidajen suna, ba ta mayar wa kowa ba. Amma a gidan nan na Pleasant Garden mata da miji sun koma hira, sun koma cin abinci a faranti ɗaya, ba wanda ya sake ambaton Yauri da nufin rabuwa.

Bayan sanyi ya wuce Baba Ɗantala ya rasu a kan gadonsa, da hantsi, 'yarsa na riƙe da hannunsa, surukinsa na maimaita masa kalmar shahada. Anti Bebi ta zo ta'aziyya. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka mai yawa, ta ce wa Hanifa ta yafe mata. Hanifa ta ce ba komai, ta tashi ta kawo mata ruwa.

Ku 'yan mata da samarin yanzu da kuke cewa kuna soyayya, ku ji da kyau. So ba hoto ba ne a bakin teku. Kunya abu ce mai kyau, kuma biyayya ga na gaba wajibi ce, amma kunyar da za ta bar tsoho tsaye cikin ƙazanta ba kunya ba ce, biyayyar da za ta sa a yar da uba kuma ba a yin ta. Hanifa ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma saki ubanta ba, Allah ya bar mata mijinta. Wanda duk ya ce yana son ki, kada ki duba abin da ya saya miki. Ki jira ranar da naki ya zama abin ƙyama, ki ga ko zai naɗe hannun riga.