Gobarar da Ba a Yi Ba

Da ƙarfe bakwai da minti huɗu na safe, Hancin da ke maƙale a rufin rumfar mai shayi ya shaƙi ƙaurin ƙwai. Bayan daƙiƙa tara balbelu uku suka sauko suna ƙugi, suka binne kaskon da kumfa, suka haɗa da mai shayin har gwiwa. Ɗaya ta ce masa cikin murya mai daɗi, "An ceci rayuwarka." Suka tashi.

Hambali na zaune a benci, hular kwano a cinya. Ko kofin shayinsa bai samu ya ajiye ba.

Hanci wata 'yar na'ura ce mai girman murfin kwano, wadda hukumar birnin Tudun Haske ta liƙa a kowane ɗaki da kowane tsakar gida. Aikinta shinshinar iska. Da ta ji hayaƙi sai ta sanar da Uwar Kwamfuta, ita kuma ta saki balbelu, wato fararen jiragen nan marasa matuƙi masu ɗauke da kumfa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba a rubuta gobara ko ɗaya a birnin ba. Abin farin ciki ne ga kowa, in ban da mai neman zama ɗan kwana-kwana.

Hambali tela ne, amma tun yana saurayi yake cike takardar neman aikin kashe gobara. Da farko aka ce ya cika rama. Da ya dawo bayan wasu shekaru aka ce tumbi ya yi yawa. Bana dai aka ɗauke shi kwas, wataƙila don shi kaɗai ya nema. Ya haddace littafin, ya koyi naɗe mesa, yana hawa tsani gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sharaɗi ɗaya ya rage masa: tsohuwar doka ta ce ba a ba mutum kaki sai ya kashe gobara ta gaske, an shigar da ita rajista. Kuma ba a ɗaukar wanda ya cika shekara arba'in da biyar. Hambali zai cika ran Asabar.

Ya samu shugaban tashar, Oga Bawale, yana goge madubin jar motarsu.

"Ranka ya daɗe, ina zan samo wutar?"

"Ni aikina hana ta, ba samo maka ita ba."

"In na kunna da kaina fa?"

"Ka zama mai laifi. Kuma balbelu su riga ka."

"To ku yaya kuka yi?"

Oga Bawale ya yi ajiyar zuciya, idonsa ya yi nisa. "Mu a zamaninmu, Hambali, gari na ci. Kasuwa kaɗai sau biyu a shekara. Allah Ya kiyaye dai."

"To in an ba ni kakin, me zan riƙa yi?"

Oga ya miƙa masa tsumma. Hambali ya karɓa, ya rasa ko amsa ce ko aiki.

Akwai abin da Uwar Kwamfuta ba ta sani ba. Hanci bai san bambancin gobara da turaren wuta ba, kuma ba a haifi matar Unguwar Rimaye da za ta bar ɗakinta ba turare saboda na'ura ba. Tuwon lantarki kuwa tsofaffi sun ce ɗanɗanon asibiti yake. Don haka mutane suka gano dabara: a kifa wa Hanci ƙoƙo, a liƙe bakin da danƙo. Ana ce da wannan sa masa hula. Hukuncin wanda aka kama shi ne a rufe gidansa, a kwashe iyalinsa zuwa benayen hukuma, inda ko ashana ba a bari. Hambali ya rubuta jarrabawa a kan wannan laifi, ya ci tamanin bisa ɗari. Shi ma Hancin ɗakinsa na da hularsa.

Ran Alhamis da hantsi ana suyar naman suna a gidan Inna Tasalla, maƙwabciyarsa, wadda ta goya shi yana jariri, kuma ba ta bari ya manta. Man da ke kasko ya yi zafi, ya kama da wuta, harshen wutar ya lashi rumfar zana. Hambali na kan keken ɗinki ya ji ihu. Ya fito, ya ga baƙin hayaƙi, ya tsaya yana ƙirga tara, saboda haka kowa ya saba. Ya kai ashirin sararin sama fayau. Sai ya tuna ƙoƙon.

Ya buga wa tasha waya. Oga Bawale ya ce ƙofar motar ba ta buɗewa sai da izinin Uwar Kwamfuta, ita kuwa ta ce unguwar lafiya lau.

"Oga, ina kallon wutar!"

"Ni kuma ina kallon allo. Bari in zo a ƙafa."

Hambali ya faɗa gidan da silifa, tef ɗin awo a wuya. Ya tarar da wata mata ta ɗaga bokiti za ta sheƙa wa kaskon ruwa. Ya daka mata tsawar da shi kansa bai san yana da ita ba. Littafi ya ce ba a zuba ruwa a kan man da ya kama wuta. Ya jiƙa buhu ya rufe kaskon, ya sa maza suka ja zanar ta faɗi ƙasa, ya jera mata daga rijiya zuwa bango, bokiti na bin hannu. Bakinsa na ta ba da umarni kamar na wani ne. Cikin minti ashirin wuta ta mutu. Ta ci rumfa, da rabin ɗakin girki, da girar Hambali duka biyu.

Oga Bawale ya iso yana haki, allon rajista a hammata. Ya dubi bango, ya shaƙi iska, har idonsa ya kawo ruwa.

"Wannan gobara ce," ya ce a hankali. "Kai ka kashe ta?"

"Da alama."

"To ka ci. Sai dai rajista na tambayar dalilin da ya sa Hanci bai ji ba. Ka faɗa, ka dangwala yatsa, gobe ka sa kaki."

Inna Tasalla ta gyara ɗaurin zani.

"Hambali, ɗan nan, faɗi gaskiyarka. Ni dai gwiwata ba ta hawa bene, amma kai ka iya tsani, sai ka riƙa kai ni."

Hambali ya ɗaga kai ya dubi ƙoƙon, wanda ya yi baƙi amma yana nan daram. Ya dubi matan, kowacce da bokiti a hannu, kowacce da irin ƙoƙon nan a ɗakinta. Ya yi ƙoƙarin tsara lissafin a ransa: in ya ce an yi wuta, ya zama mai ceton gidaje ta hanyar sa a rufe wannan gidan. In ya ce ba a yi ba, to me ya cinye masa gira? Kansa ya ɗaure.

"Oga," ya ce, "ban ga wuta ba."

"Fuskarka fa?"

"Aski ne."

Oga Bawale ya dubi gurbin girar. Sannan ya kashe allon, ya tambaya ko naman ya tsira. Aka ce rabi. Ya zauna.

Asabar ta zo ta wuce. Ran Litinin wata balbela ta sauka a tsakar gidan Inna Tasalla da allon tagulla: Uwar Kwamfuta ta zaɓi Unguwar Rimaye a matsayin wadda ta fi kowace unguwa tsafta a birnin, domin shekara shida Hancinta bai ji ko ƙaurin ashana ba. Tana kuma shawartar sauran unguwanni su zo su koyi yadda ake yi.

Aka rasa mai hawa ya kafa allon, sai aka aika a kira Hambali. Ya jingina tsani, ya hau yana nishi, ya buga ƙusa. Bangon ya yi laushi saboda ƙuna, ƙusar ta shige har kai.

"Inna, ya miƙe?"

"Matsa shi dama kaɗan," in ji ta. "Ya rufe baƙin ƙunar."